Ma'aikacin da Ya Goyi Maigidansa

Kabir ya tura ƙofar shagon sama, ƙarfen ya yi ƙara ya tsaya a rabi. Matar da ke bayansa ta sunkuya ta leƙa ciki.

Babu komai. Tabarma, buta, sai wata tsohuwar riga shuɗiya rataye a ƙusa. Can ƙurya akwai kujerar roba ɗaya mai karyayyar ƙafa.

"Nan ne shagon?" Muryarta ta fito a danne ta bayan takunkumi.

"Nan ne, Hajiya."

"Malama Nafisat. Ban je Makka ba tukuna." Ta miƙe tana karkaɗe gefen mayafinta. "An turo ni tantancewa. In ga kayan sana'a, in ga ma'aikata da idona. Ka ce hayar rumfuna da kujeru kake bayarwa. Ina rumfunan? Ina kujerun?"

"Suna Kurmin Mashi. An yi rasuwa."

"Wato haya ka bayar. Nuna mini rasit."

"Ba ma karɓar kuɗi a kan makoki. Tun zamanin mahaifina haka ne."

Ta dube shi na ɗan lokaci.

"Malam Kabir, tun safe nake yawo a Badarawan nan. Wani ya aro keken ɗinki a maƙwabta, da sunan mai shi a jiki. Wani ya jera mini 'ya'yansa ya ce ma'aikata ne, har da na goye. Kai kuwa ko aron ba ka wahalar da kanka ka yi ba."

"Da na san yau za ku zo..."

"Shi ya sa ba ma faɗa."

Kabir ya sosa ƙeya. Ba mai yawan magana ba ne dama, shekarar nan kuma ta ƙara rage masa ita.

Tun da korona ta shigo aka kulle Kaduna, sana'arsa ta mutu a tsaye. Babu biki, babu suna, babu walimar sauka. Ɗaurin aure ya koma na mutum biyar a falo. Kujeru suka yi ta zama a kan juna suna tara ƙura, har ya sayar da kusan rabinsu aka ci abinci. Idris ya koma dako a kasuwa. Lawan ya koma tallar takunkumi a bakin titi. Da aka ce gwamnati za ta biya ma'aikatan ƙananan sana'o'i albashin wata uku, kai tsaye cikin asusunsu na banki, Kabir bai yarda ba, amma ya shigar da sunaye. Idris. Lawan. Sai Baba Ɗanasabe.

Saboda na ukun ne barcinsa ya ƙaurace.

Baba Ɗanasabe ya zo Kaduna yana saurayi, ya tura amalanken Alhaji Aminu, mahaifin Kabir, tun ana bayar da hayar benci na katako. Bai bar shagon ba har Alhaji ya rasu. Makon jiya ya kira Kabir bayan sallar la'asar, ya ce masa zai koma ƙauyensu can bayan Soba.

"Ba zan zauna ina cin tuwon yaro ba alhali hannuna bai ɗaga komai ba," haka ya ce.

A ƙauyen ba shi da gona, ba shi da ɗaki, sai wani ɗan wansa da bai san shi sosai ba. Amma ya riga ya ɗaure jakarsa. Rasuwar nan ce ta tsayar da shi. Ya ce da zarar an yi addu'ar uku an kwashe rumfuna, sai tashar Kawo. Gobe ke nan.

"Malama," in ji Kabir, "ma'aikatan duk suna can. Kayan ma suna can. In za ki daure mu je."

Ta duba rana, ta duba wayarta.

"Kai za ka tare keken. Ƙafafuna sun gama aikinsu na yau."

Suka bi ta Unguwar Sarki. Shaguna sun buɗe, mutane sun fito, wasu da takunkumi a haɓa, wasu a aljihu. Suka wuce wani zauren biki, ciyawa ta fito a bakin ƙofarsa, wani mutum na nome ta da fartanya. Kabir ya juya yana kallonsa har suka sha kwana. Ba a nome ƙofar da ba a shirin buɗewa.

Gidan rasuwar na cikin wani lungu mai gangare. Malam Sharhabil ne ya rasu, tsohon malamin firamare. Rumfuna biyu a tsaye a ƙofar gida, kujeru a jere da tazara tsakaninsu, ga bokiti mai famfo da sabulu a bakin hanya. Dattawa na zaune suna karɓar gaisuwa.

Kabir ya nuna da hannu. "Ga su nan. Kin ga sunan shagon a bayan kujerun."

"Na gani. Tsaya tukuna."

Ta wanke hannu, ta gaida dattawan daga nesa, ta shige cikin gida wurin mata. Ba ta san mamacin ba. Kabir ya tsaya a rana yana jiranta, yana ganin girmanta.

Da ta fito ta ɗauki hoton rumfunan da kujerun, sannan ta ce a kira mata ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Ta ja gefe kusa da bokitin, ta ɗaga waya. Kowa zai faɗi sunansa da aikinsa da bakinsa, ita kuma ta ɗauka ta tura ofis.

Idris ne ya fara zuwa, yana gyara wuyan riga kamar za a sa shi a talabijin.

"Kai ma'aikacin Malam Kabir ne?"

"Ƙwarai kuwa, ranki ya daɗe."

"Yana biyanka?"

"In an samu, Oga yana biya. In ba a samu ba yana ba mu haƙuri. Bana dai haƙurin ya fi yawa, har ajiya na yi."

"Idris," in ji Kabir.

"Gaskiya aka ce a faɗa, Oga."

Nafisat ta danne dariya, ta tuna inda take. Lawan ya zo ya amsa nasa a gajarce, idonsa a ƙasa. Ta gyaɗa kai.

"Saura ɗaya."

Baba Ɗanasabe na can ƙarshen rumfa ta biyu da tsumma da ruwan sabulu. Duk kujerar da aka tashi a kai sai ya goge ta kafin wani ya zauna. Ba wanda ya sa shi. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, gemunsa fari ya leƙo ta ƙasan takunkumi. Kabir bai kira shi ba. Ba ya kiransa daga nesa. Ya taka har wurinsa, ya rusuna, ya yi masa bayani a hankali. Tsohon ya biyo shi da tsumman a hannu.

"Sannu Baba, ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abotansa, 'yata. Sannu da rana."

Ta ɗaga waya. "Baba, kai ma'aikacin Malam Kabir ne?"

"Na wa?"

"Wannan da ke tsaye."

Baba Ɗanasabe ya juya ya dubi Kabir daga sama har ƙasa.

"Kabiru? Ni na goya shi. A bayan nan nawa ya yi ta fitsari har aka yaye shi. Ni ɗan gida ne, yarinya. Ƙanen ubansa ne ni."

"To amma yana biyanka albashi?"

"Bai taɓa miƙo mini ko kobo ba. Kuma ba zai fara ba."

Nafisat ta sauke wayar a hankali.

Gaskiya tsohon ya faɗa. Tun rasuwar Alhaji, Kabir bai taɓa iya miƙa masa kuɗi hannu da hannu ba. Ta yaya za ka ƙirga wa wanda ya share maka majina ladan aiki? Duk ƙarshen wata sai ya jira shagon ya zama ba kowa, ya zura kuɗin a aljihun shuɗiyar rigar da ke rataye a ƙusa. Washegari aljihun ya wayi gari babu komai. Ba wanda ya taɓa ɗaga maganar a cikinsu.

Kabir ya matsa kusa da ita, ya faɗa mata haka, murya ƙasa ƙasa.

"Na yarda da kai," ta ce. "Wallahi na yarda. Amma ba ni ke yankewa ba. Waɗanda za su duba ba su san aljihun riga ba, abin da ya faɗa za su ji. Ɗan uwa mai taimakawa ba ya cikin tsarin. Idris da Lawan sun wuce. Shi kam sai dai a cire sunansa."

"Ba wata hanya?"

"Ya faɗa da bakinsa. Ita ke nan."

Kabir ya dubi tsohon. A ransa ya ga jakar nan a ɗaure. Ya ga tashar Kawo. Bai san lokacin da muryarsa ta ɗaga ba.

"Baba, don Allah ka gaya mata gaskiya. Ma'aikacina ne kai. Biyanka nake yi."

Lungun ya yi tsit. Dattawan da ke rumfa ta farko suka juyo. Wani mai carbi ya ce, "Subhanallahi," ya kau da kai. Idris ya sunkuya yana gyara ƙafar kujerar da ba abin da ya same ta.

Baba Ɗanasabe ya ninke tsumman, ya ɗora a bakin bokiti, ya bi ta gefen gidan ya ɓace.

Daga masallacin unguwa aka kira azahar.

"Zan shiga ciki in yi salla," in ji Nafisat. Ba ta dube shi ba. "Ban tura komai ba tukuna. In na fito zan wuce, akwai masu jirana."

Kabir ya bi sahun baya a masallaci. Ya hango tsohon a sahun gaba. Da aka sallame ya ga ya fita ta ƙofar gefe, ya bi shi.

Ya same shi zaune a kan dakali a bayan gidan, ya cire takunkumi ya riƙe a hannu, yana kallon wasu agwagi a kwata. Kabir ya durƙusa a gabansa.

"Baba."

"Koma wurin baƙuwarka."

"Ka yi haƙuri."

"Ai ba ƙarya ka yi ba." Ya murza igiyar takunkumin a yatsa. "A gaban mutane ne dai."

Agwagin suka yi ta tonon ruwa.

"Mahaifinka, a gadon asibiti, ya riƙe hannun nan. Ya ce Ɗanasabe, kai ba bara ba ne, ƙanena ne. A garin nan ba ni da fili, ba ni da gida, matata ta riga ni. Maganar nan ita kaɗai na mallaka. Yau ka ce in miƙa wa gwamnati ita a kan albashin wata uku."

"Ba wanda zai karɓe ta, Baba. Kuɗin kuma na wanda ya yi aiki ne aka ce. Wa ya kai ka aiki a shagon nan?"

"Sadaka ce dai, an sauya mata suna."

Gwiwar Kabir ta fara zafi a kan tsakuwa. Ya gyara durƙuso, ya ce, "Gobe da wane lokaci za ka tafi?"

Tsohon ya ɗan dube shi. "In an shafa addu'a an kwashe kaya."

"To. Zan raka ka Kawo. Ni zan ɗauki jakar."

"Allah ya yi maka albarka."

"Ba ni da bakin hana ka. Ƙanen ubana in ya ce zai tafi, ni wane ne? Nawa rakiya ce da addu'a." Ya ɗago kai. "Tun ranar da ka faɗa mini nake neman yadda zan ce kada ka tafi. Na juya ta ko'ina. Ɗa ba ya faɗa wa uba haka."

Baba Ɗanasabe ya daina murza igiyar.

"Amma da ma'aikacina ne kai, da na ce ban sallame ka ba. Da na ce an fara nome ƙofar zauren biki a Unguwar Sarki, na gani da idona ɗazu. Mutum biyu sun yi mini maganar ɗaurin aure a wata mai zuwa. Idris bai iya kafa rumfa a gangare ba. Lawan in iska ta taso sakin ƙarfe yake yi ya kama hularsa. Da na ce wata ukun nan ba tuwona za ka ci ba, naka za ka ci, kafin su ƙare kuma aiki ya dawo, in Allah ya so. Da na ce ka kwance jakar nan."

Bai taɓa jera wa tsohon magana mai tsawon wannan ba.

"Wato umarni kake so ka ba ni," in ji Baba Ɗanasabe.

"Sau ɗaya tak."

Tsohon ya fitar da iska ta hanci. Ba a iya cewa dariya ce ko wani abu. Ya shafa gemu.

"Kuɗin nan. Ba bashi ba ne da za su dawo su shaƙe ka daga baya?"

"Ba bashi ba ne."

"Babu ruwa a ciki?"

"Babu."

"Ba kuma daga aljihunka za su zare su ba ni ba?"

"Aljihuna ai ka san abin da ke ciki, Baba."

"Na sani. Wata biyun nan da suka wuce, da ka bar wa yaranka abin da ka sa a rigar."

Karo na farko ke nan da ɗayansu ya ambaci rigar. Kabir ya sunkuyar da kai. Tsohon ya dafa kafaɗarsa, ya danna da nauyinsa duka ya miƙe.

"Tashi. Kana durƙushe a gaban ma'aikaci, mutane za su raina shagon."

Nafisat ta riga ta fito, jakarta a kafaɗa, tana kallon bakin lungu ko keke zai ɓullo. Da ta hango su ta tsaya. Baba Ɗanasabe ya zo gabanta ya gyara hula, ya miƙe tsaye har ranƙwafawar ta kusa ɓacewa.

"Ɗaga abin naki, 'yata."

Ta ɗaga.

"Sunana Ɗanasabe Inuwa. Ina aiki a shagon Kabiru Aminu da ke Badarawa, tun kafin a haifi mai shagon. Ni ke kafa rumfa. Yana biyana duk wata." Ya ɗan tsaya. "Yadda yake biyan nawa kuma ba ruwan gwamnati."

Ta sauke wayar, kafaɗunta na rawa da dariyar da take ɓoyewa.

"Ya yi, Baba."

"Ki ƙara musu da cewa ƙanen ubansa ne ni."

"In na ƙara za su cire ka."

"To ki riƙe a ranki."

"Na riƙe."

Ta danna wayar, ta jira, ta mayar cikin jaka. Ta juya ga Kabir.

"Ni tantancewa ce tawa, biya na wasu ne, kada in yi maka alkawarin da ba nawa ba. Amma ban ga abin da zai hana ba. Ku riƙa duba saƙo a waya. Shi Baba yana karanta saƙo?"

"Idris zai karanta masa."

"In ya rage mini ko sisi a karatun, kunnensa ne zai biya," in ji tsohon.

"Haba Baba," in ji Idris daga can. "Yanzu fa ni da kai duk ma'aikata ne. Abokin aiki ba ya jan kunnen abokin aiki."

"Zo nan ka maimaita."

Idris bai zo ba.

Kabir ya raka Nafisat bakin titi, ya tare mata keke. Ya buɗe baki zai yi godiya, ta ɗaga masa hannu ta ce ya koma, ana jiransa.

Da ya dawo rana ta karkata. Inuwar rumfa ta biyu ta zame ta koma kan katanga, dattawa uku na zaune rabin jikinsu a rana, suna kare fuska da hannu. Lawan da Idris sun kama ƙafafun baya. Baba Ɗanasabe ya riƙe ta gaba ɗaya, ya bar ɗayar. Ya ɗaga murya yadda duk lungun zai ji.

"To, Oga. Ina za a kai ta?"

Dattawan suka juyo. Kabir ya dubi rumfar, ya dubi gangaren, ya nuna wajen bakin masallaci.

"Can."

Baba Ɗanasabe ya ɗaga kai ya dubi rana. Ya dubi inda aka nuna.

"To," ya ce. "Ku ɗaga."

Suka ɗaga. Tsohon ya ja su zuwa ɗaya ɓangaren, wajen gindin darbejiya. Kabir ya kama ƙafar da ta rage, ya bi su.